Shinkafar Dadin Kowa da fom ɗin lissafin hayaƙi

Wata ƙungiyar manoman shinkafa da ke noman rani a ƙasan madatsar ruwan Dadin Kowa, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba ta jihar Gombe, ta daɗe tana sayar da shanshera ga wani kamfanin casa. Ciniki ne da kowa ya san kansa: a kawo kaya, a ɗora a sikeli, a duba danshi, a biya. A noman ranin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur sai kamfanin ya aiko da wani abu da ba a saba gani ba. Fom ne mai tambayoyi birjik, yana son kowane manomi ya faɗi girman gonarsa, takin da ya zuba, man da injinsa ya sha, yadda ruwa ya zauna a fangali, abin da ya yi da karan shinkafa, da yawan abin da ya girba. An ce da wannan za a lissafa hayaƙin da ke bin kowane kilo na shinkafarsu. Na sakaya sunan ƙungiyar da na kamfanin.

Lamarin ya ci noman rani biyu kafin ya daidaita, kuma ya fito da wani abu da masu tsara irin wannan fom ba su cika faɗa wa manomi ba. A wannan lissafi ba a barin gurbi fayau. Duk tambayar da manomi bai amsa ba, akwai amsar da aka riga aka tanada za a saka masa, kuma a Dadin Kowa amsar ba ta yi wa manomi adalci ba.

Daga ina fom ɗin ya fito

Shinkafar Gombe ba ta ƙetare teku, a gida ake cinye ta. Amma kamfanin casar yana sayar da karyayyiyar shinkafa ga wani babban kamfanin abinci a Kudu, wanda hedikwatarsa ke Turai. Irin waɗannan kamfanoni yanzu ana neman su bayyana iskar ɗumama yanayi da ta fita a dalilin kayansu, ba ta bututun masana'antarsu kaɗai ba, har da ta gonar da aka noma abin da suka saya. A tsarin GHG Protocol, wato ƙa'idar da kamfanoni ke bi wajen lissafa irin wannan hayaƙi, wannan shi ne rukuni na uku, kuma ga kamfanin abinci ya fi sauran biyun, na masana'antarsa da na wutar lantarkin da yake saye, girma nesa ba kusa ba. Idan aka tara duk iskar da ta fita tun daga shuka har kaya ya bar ƙofar masana'anta, aka mayar da ita ma'auni ɗaya na iskar kabon, aka raba da yawan kayan, sai a samu adadi guda. Ƙa'idar ISO 14067 ta 2018 ita ce ta shimfiɗa yadda ake wannan lissafi.

Ba daga Turai kaɗai matsin ke zuwa ba. Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, shekarar da Shugaba Buhari ya yi alƙawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo cewa ƙasar za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake tsotsewa daga iska nan da 2060. Hukumar kula da rahotannin kuɗi ta ƙasa kuma ta rungumi ƙa'idar IFRS S2, wadda ke neman kamfani ya bayyana har da hayaƙin rukuni na uku, kuma jadawalinta ya sa ta zama wajibi ga manyan kamfanoni daga 2028. Wanda ya ɗauka fom ɗin Dadin Kowa yayi ne na shekara guda, to ya sake tunani.

Zagayen farko

An tura matasa da wayoyi masu manhajar KoboToolbox bayan an gama girbi, lokacin da damina ta riga ta sauka, hankalin kowa ya koma kan masara da wake. Wato an zo ana tambayar mutum abin da ya yi wata huɗu ko biyar da suka wuce, shi kuma bai rubuta ba, domin ba wanda ya ce masa ya rubuta. A ƙofar gidan sakataren ƙungiya aka shimfiɗa tabarmi. Hira irin wannan ce ta yi ta maimaituwa:

"Baba, gonar taka hekta nawa ce?"

"Ɗan nan, ni dai na san mutum shida ke dasa ta, su yi wuni biyu."

"To eka nawa za a ce?"

"Rubuta biyu."

Yaron ya rubuta 2 a gurbin hekta, alhali dattijon eka yake nufi, ekar ma ta ƙiyasi. Hekta ɗaya ta kai eka 2.47. Binciken da Bankin Duniya ya yi a ƙasashen Afirka da dama, inda aka kwatanta abin da manomi ya faɗa da abin da na'urar GPS ta auna, ya nuna masu ƙananan gonaki kan ƙara girman gonarsu, masu manya kuma su rage. Ba ƙarya ba ce, ido ne ba ya awo. Ga kuma wanda ke da fangali uku a wurare uku, ɗaya gado, ɗaya haya, ɗaya aro daga suruki, fom kuwa gona ɗaya ya sani.

Taki ya fi rikitarwa. Tambayar ta ce buhu nawa, manomi ya ce shida. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Buhun kamfa 20-10-10 yana da kilo 10, na 15-15-15 kuma kilo 7 da rabi. Ashe "buhu shida" na iya zama kilo 45, yana iya zama kilo 138, kuma naitirojin ɗin ake lissafawa, ba buhu ba. Sannan buhunan da aka saya ba duka suka shiga shinkafa ba. An yafa wa albasa, an ɗebar wa ƙane mudu goma, an ajiye rabin buhu don masarar damina. Mai ƙaramin ƙarfi ma bai taɓa sayen buhu ba, mudu-mudu yake auna a kasuwa duk ranar da kuɗi suka samu.

Duk wannan kuskure ne da ke karkata hagu ko dama, idan manoma suna da yawa wani ya goge wani. Wanda ba ya gogewa shi ne wanda kowa ya karkata ɓangare ɗaya. Labari ya bazu cewa fom ɗin na rabon taki ne, don haka wanda ya zuba buhu huɗu ya ce shida, ko a ba shi gwargwadon abin da ya faɗa. A ɗaya gefen kuma, tun da aka fara shirin bashin noma na Anchor Borrowers a 2015 manoman shinkafa suka koyi taka-tsantsan da duk baƙon da ya zo da takarda yana tambayar buhu nawa aka samu, musamman masu sauran bashi a kai. Sai aka rage. Ko wanda bai yi niyyar ragewa ba, idan ka ce masa buhu nawa ka samu, wanda ya shiga ɗaki yake ƙirgawa. Bai sa wanda aka biya masu yanka da bugu ba, bai sa na mai gona ba, bai sa zakka ba, bai sa wanda aka aika gidan surukai ba.

A lissafin hayaƙi, taki yana sama, amfanin gona yana ƙasa, ana raba wannan da wancan. Manoma sun kumbura na sama, sun tsuke na ƙasa, kowanne da dalilinsa mai kyau, suka ɗora wa shinkafarsu nauyin da ba nata ba. Ban ga laifinsu ba. Ba wanda ya zaunar da su ya ce ga abin da za a yi da amsar.

Tambayar ruwa

Duk da haka ba taki ne ya yi babbar ɓarnar ba. Tambayar da ta fi kowace nauyi a fom ɗin ita aka yi wa riƙon sakainar kashi. Layi ɗaya ne: yaya ruwa yake zama a gonar? Matasan ba su gane bambancin zaɓuɓɓukan ba, manoma kuma suka ce "ban ruwa muke yi", wanda gaskiya ne. Wasu aka danna musu zaɓin farko, wasu aka bar musu wurin haka nan. Da bayanan suka isa hannun masu lissafin kamfani, waɗanda ke aiki da manhajar lissafin hayaƙin gona mai suna Cool Farm Tool, sai aka ɗauki gonakin a matsayin masu kwantaccen ruwa tun daga dashe har zuwa dab da girbi. Haka al'adar aikin take: inda babu shaida, a ɗauki abin da ya fi nauyi, don kada a zargi kamfani da rage wa kansa.

Ga abin da ya sa wannan layi ya rinjayi sauran. Idan ruwa ya kwanta a kan ƙasa kwana da kwanaki, iska ba ta ratsa taɓon. A nan wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke cin ruɓaɓɓen ganye da saiwa suna fitar da iskar metan, kuma yawancinta ta cikin jikin shinkafar take bi ta fita sama. A rahoton 2021 na IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, kilo ɗaya na irin wannan metan yana ɗumama duniya daidai da kilo 27 na iskar kabon a tsawon shekara 100. Da zarar ƙasa ta sha iska, halittun nan sukan lafa, kuma ko an mayar da ruwa sai sun ɗauki lokaci kafin su farfaɗo.

Ba wanda ya zo Dadin Kowa da na'urar auna metan, kuma ba kasafai ake zuwa da ita gonar talaka ba. Alƙaluman gama-gari na IPCC ake ɗauka. A gyaran da kwamitin ya yi a 2019, hekta ɗaya ta shinkafa mai kwantaccen ruwa tana fitar da metan kilo 1.19 a kowace rana. Wannan matsakaicin duniya ne, shi aka ara wa Afirka saboda ƙarancin awon da aka yi a nahiyar. Idan an tsane gonar sau ɗaya a tsakiyar noma, ana ninka adadin da 0.71. Idan an tsane ta fiye da sau ɗaya, da 0.55. Tsanewar da ake yi dab da girbi ba ta cikin ƙirga.

A ɗauki hekta ɗaya, a ce shinkafa ta yi kwana 100 a gona, ta ba da tan 4 na shanshera. Da kwantaccen ruwa, metan kilo 119 ke nan, daidai da iskar kabon kilo 3,213, wato kusan kilo 0.80 a kan kowane kilon shanshera. Da ruwan da ake bari ya tsane a kai a kai, metan ya koma wajen kilo 65, daidai da kilo 1,770, wato 0.44 a kan kowane kilo. Gona ɗaya, iri ɗaya, taki ɗaya. Tazarar ta haura kilo 1,400, kuma layi ɗaya a fom ne ya yanke ta.

Sauran abubuwan ba su kama ƙafar wannan ba. A ce an zuba kamfa 15-15-15 buhu 4 da yuriya buhu 2, naitirojin kilo 76 ke nan. Iskar naitiros oksaid, wadda ita ma take ɗumama yanayi, da ke tashi kai tsaye daga wannan a gonar mai kwantaccen ruwa ba ta wuce daidai da kilo 100 na kabon ba. Idan ana tsane gonar takan ƙaru zuwa wajen kilo 160, domin ita wannan iska ta fi son ƙasar da ke jiƙa tana bushewa, amma ƙarin kilo 60 ina ya kai ragin 1,400? Yuriyar kanta tana sakin kabon kilo 73 idan ta narke. Akwai kuma hayaƙin masana'antar da ta ƙera takin, wanda ba a raina shi, shi ya sa fom mai kyau ke tambayar sunan da ke jikin buhu. Fetur kuwa lita ɗaya tana ba da kimanin kilo 2.3, don haka injin da ya sha lita 200 ya ƙara kilo 460.

Abin takaicin shi ne, kaso mai yawa na 'yan ƙungiyar ba su taɓa kwantar da ruwa ba. Da injin ban ruwa suke ja daga kogin Gongola ko daga rijiyoyin da suka haƙa a fadama. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 a wannan yanki cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba. Mai inji ba ya tayar da shi sai ƙasa ta fara tsagewa. Abin da cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, ke koyarwa da sunan jiƙawa da busarwa bi da bi, su tsadar mai ce ta koya musu. Da aka karanta wa ƙungiyar sakamakon a taro, aka bayyana musu abin da aka ɗauka game da ruwansu, wani dattijo ya dubi jami'in kamfanin ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ne aka rubuta mun kwantar da ruwa wata uku? Da wane man?"

Kara

Irin wannan ta faru da karan shinkafa, ko da yake a taƙaice. Zaɓin ya ce: an ƙone, an kwashe, ko an bar shi a gona. Manoma da yawa suka ce an bar shi, kuma sun bar shi ɗin, amma shanun Fulani ne suka shigo suka cinye, wani wurin ma da kuɗi aka sayar musu. Lissafi kuwa ya ɗauka an binne shi a taɓo. A tsarin IPCC, tan 3 na kara da aka binne ƙasa da kwana 30 kafin a sake shuka yana ninka metan fiye da sau biyu. Idan an binne shi da tazarar da ta wuce kwana 30, ƙarin wajen kashi 30 cikin 100 ne kawai. Karan da ya tafi a cikin saniya ba ya cikin ko ɗaya. Ga manomin da ke bin noman rani da na damina a fangali ɗaya, wannan tambaya ba ta wasa ba ce.

Noman rani na biyu

Kamfanin bai ji daɗin adadin ba, domin mai sayen kayansa ya fara tambaya. Wannan ya sa ya yarda a sake aikin, kuma a wannan karon tun kafin a zuba iri aka zauna. Garin da ke da Kwalejin Aikin Lambu ta Tarayya ba ya rasa matasan da suka san gona a takarda da a taɓo, sai aka ɗauko daga cikinsu. Abu na farko da aka yi bai ci ko sisi ba: aka tara jama'a aka faɗa musu ƙarara cewa babu rabon taki, babu maganar bashi, babu haraji, kuma wanda ya ƙara taki ko ya rage buhu shinkafarsa ya ɓata wa suna. Shugaban ƙungiya ya rufe taron da cewa ba a fafe gora ranar tafiya, duk abin da aka yi a gona a rubuta shi ranar da aka yi shi.

Aka zagaya kowane fangali da waya aka fitar da girmansa, aka ba shi lamba. Kowane fangali ya samu kati mai kauri da zanen buhu, jarka, inji da bututu a saman layuka, ranaku kuma a gefe. Mai boko ya yi boko, mai ajami ya yi ajami, wanda ba ya ko ɗaya ya ja sanda-sanda, ɗansa ya cike saura da dare. An bar mutane su rubuta da ma'aunin da suka saba, mudu, jarka, galan. Sakatare ne ya ɗauki mudun da ake auna taki da shi a kasuwa ya ɗora a sikeli sau ɗaya, daga nan juyawa zuwa kilo ta zama aikinsa. A ganina wannan ita ce dabarar da ta fi kowace amfani, domin ta ɗauke lissafi daga kan manomi ta mayar da shi kan wanda ya iya.

Ruwa kuma aka sa masa bututu. Guntun bututun roba ne mai tsawon kusan santimita 30, an huhhuda rabinsa na ƙasa, an kafa shi kusa da kunya aka kwashe taɓon cikinsa, yadda ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa zai bayyana a ciki. Da safe manomi ya tsuguna ya zura wani kara da aka yi wa tsaga, ya ciro ya ga inda ya jiƙe. Saman fangali na iya bushewa har ya tsage, amma a cikin bututu ruwa na nan kusa da saiwa. Shawarar IRRI ita ce a sake ban ruwa idan ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar ƙasa, sai dai daga mako guda kafin shinkafa ta yi fure zuwa mako guda bayansa, nan ba a bari ta ji ƙishi. Wasu masu inji sun gano da ma suna wuce wannan iyaka, suna azabtar da shinkafar a lokacin da take ciki. Wannan ilimi ya fi musu maganar hayaƙi amfani.

Mai tantancewa, wato wanda ke duba gaskiyar lissafin kamfanin, yana son shaida, ba kati kaɗai ba. Aka ce a riƙa ɗaukar hoton bututun ana turawa ta WhatsApp, sai aka tarar manhajar tana goge ranar da wurin da ke ɓoye a jikin hoto. Maganin da aka samu shi ne allo da alli: a rubuta lambar fangali da kwanan wata, a jingina allon da bututun, a ɗauka tare.

A wajen girbi, aka ƙirga buhu a masussuka kafin a fara rabo, aka auna wasu daga ciki, tunda buhun shanshera ba shi da nauyi ɗaya, aka kuma daidaita nauyin a kan danshi kashi 14 cikin 100, domin ɗanyar shinkafa ruwa ne ke ƙara mata kilo. Inda aka samu saɓani, sakatare yakan ja mutum gefe ya ce, "Yaya, ka tuna abin da ka fitar na zakka?" Wanda ya shayar da inji ɗaya cikin ashirin yake fitarwa, kuma wannan adadi ne da manomi ba ya mantawa, ba ya kuma wasa da shi. Ba a rubuta amsar a ko'ina ba, kuma daidai ne da ba a rubuta ba, tsakanin mutum ne da Ubangijinsa. Tuni kawai ake masa don ya gyara ƙirgarsa da kansa.

Gonakin mata sun so su sake zamewa. Mace tana da fangali, ɗanta ko ɗan ƙodago ke aiki, ita ke biyan taki da mai daga cikin gida. A zagayen farko an haɗe irin waɗannan da na mazajensu. A na biyu aka sa wata matashiya ta riƙa shiga gidaje, nan aka ga sau da yawa uwar gida ta fi kowa sanin ko mudu nawa aka saya, tunda daga ƙullin zaninta kuɗin suka fita.

Abin da adadin ya nuna, da abin da bai nuna ba

Adadin masu inji ya sauko sosai, ta fuskar da lissafin hektar nan ya nuna. Nan wani a kamfanin ya so a rubuta cewa an rage hayaƙi. Mai tantancewa ya ƙi, kuma shi ke da gaskiya. Metan ɗin da ya tashi daga waɗannan gonaki bana kusan shi ne ya tashi bara, rubutu ne ya gyaru. Ƙa'idar GHG Protocol ta ce idan hanyar lissafi ko ingancin bayanai ya canza sosai, sai a koma a sake lissafa shekarar da ake kwatantawa da ita.

Masu ruwan kanal kuwa nasu bai motsa sosai ba. Shirin inganta ban ruwa na TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa ya haɗa da gyaran hanyoyin ruwan Dadin Kowa, kuma ruwan kanal bisa tsarin rabo yake zuwa, ba lokacin da manomi ya ga dama ba. Wanda ke kusa da bakin kanal, ko wanda fangalinsa ke kwari, ruwan maƙwabci ma kwararo masa yake. Wanda ya san layinsa sai bayan kwanaki ba zai saki ruwan da ke hannunsa don wani adadi a kwamfuta ba, ni ma da ni ne ba zan saki ba. Fom ɗin yana tambayar manomi ɗaya ɗaya, alhali ruwa shawarar jama'a ce. Idan ana son wannan adadi ya sauka, da ƙungiyar masu amfani da ruwa za a zauna, a kan jadawali da magudanan tsanewa.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi ko wace zafi. Tun farko wasu sun ji ana cewa akwai "kuɗin kabon", suka ɗauka katin nan rasit ne. Abu biyu ne daban. Lissafin hayaƙin kaya awo ne kawai, kamfani ke buƙatarsa don rahotonsa. Takardar kabon da ake sayarwa kuwa ana biya ne a kan ragin da ba zai faru ba in ba don kuɗin ba. Wanda tsadar mai ta riga ta sa yake busar da gonarsa zai sha wuya kafin ya nuna cewa nasa sabon abu ne. Kasuwar ma ba ta zauna ba: a 2023 Verra, ɗaya daga manyan masu rajistar waɗannan takardu, ta dakatar da ƙa'idar da ake bi wajen ayyukan shinkafa saboda shakku kan wasu ayyuka a ƙasar Sin. Duk wanda ya yi wa manomin Gombe alƙawarin kuɗin kabon don ya cike fom, ya ci amanarsa.

Amma aikin rubutun aiki ne, kuma kamfani ne ke cin moriyarsa. Ƙungiyar ta kai buƙatu uku. A biya sakatare da matasan da ke zagaye, a ba kowane manomi kwafin taswirar gonarsa da sakamakonsa, a kuma ƙara wani abu a kan kowane buhu da ya zo da cikakken kati. Ta biyun tana da madogara a doka: sunan mutum da lambar wayarsa da wurin gonarsa bayanansa ne na kansa, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ba shi damar sanin abin da za a yi da su da neman kwafinsu. Kamfanin ya amince da ta farko da ta biyu. Ta ukun ya ce shi ma mai sayen kayansa bai ƙara masa ko kobo ba, iyakarta dai ya ci gaba da saye a wurinsa. Wasu manoma suka ce to su ma iyakarsu ke nan, suka ajiye katin. Mafi yawa sun ci gaba, wasu don kada su rasa kasuwa, wasu don a karon farko sun ga a takarda nawa fangali ya ci, nawa ya mayar.

Fom ɗin noman rani na uku ya iso da ƙarin tambaya: mene ne a wannan fili shekara 20 da suka wuce? Ƙa'idojin lissafin suna ɗora wa amfanin gona kabon ɗin bishiyoyi da ƙasar da aka share, a rarraba shi a kan shekara 20. Tsofaffin fangalan cikin tsarin ban ruwa ba su da matsala. Waɗanda aka faɗaɗa a bakin kogi cikin 'yan shekarun nan, inda a da kurmi ne da wurin kiwo, su ne abin dubawa, kuma da yawansu a hannun 'yan haya suke waɗanda ba su san wurin ba a wancan lokaci. Ƙungiyar ta yanke cewa ba za a bar gurbin fayau ba. Ta sa dattawa biyu da mai unguwa su zagaya da matasan fangali bayan fangali, ta kuma nemi kamfanin ya kawo tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam na yankin a kwatanta da abin da dattawan suka tuna.